Idan Maigida Ne Ake Duka: Abin Da Ya Kamata Ku Sani

Idan labari ya iso majalisa cewa wane ya lakaɗa wa matarsa duka, nan take fuskoki ke canjawa. Wani ya yi tsaki, wani ya yi Allah wadai, wani ya ce a nemo waliyyinta. Amma a ce matar wane ce ta fasa masa goshi da muciya, sai wuri ya kaure da dariya. Kafin la'asar an raɗa masa suna, kafin magariba labarin ya zaga layukan Kantin Kwari. Wanda abin ya sama ya san haka za a yi, don wataƙila shi ma ya taɓa yi wa wani dariyar. Shi ya sa yake kama bakinsa.

A fara da abin da babu gardama a kansa: mata ne suka fi shan wuya a rikicin cikin gida, kuma raunin da ake yi musu ya fi muni. A binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018, kashi 36 cikin ɗari na matan da suka taɓa aure sun ce miji ya taɓa dukansu, ko tilasta musu, ko muzguna musu. A Disambar 2024, a wani taro a Jami'ar Bayero, Sarki Muhammadu Sanusi II ya yi magana mai zafi kan ƙararrakin dukan mata da ya tarar a binciken da ya yi a kotunan Shari'a tara na Kano. Duk wanda ya ɗauki maganar maza don ya toshe bakin mata, ya ɓata hanya.

Sai dai akwai abin lura a wancan bincike na ƙasa. Tambayoyin cin zarafi mata kaɗai ake yi wa. Ba a zaunar da namiji a ce masa, an taɓa dukanka a gida? A inda ake tambaya kuwa, amsa na fitowa. A Ingila da Wales, ƙididdigar laifuka ta gwamnati ta daɗe tana nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin uku da ake cin zarafinsu a gida namiji ne. A Legas, hukumar yaƙi da cin zarafi a cikin gida da aka kafa da doka a 2021 tana fitar da rahoto, kuma a ciki akan ga ɗaruruwan maza da suka kai kuka da ƙafarsu. Babu dalilin da zai sa a ɗauka cewa abin da ke faruwa a Legas yana tsayawa ne a bakin gadar Jebba.

Yadda abin yake

Ba saɓanin yau da kullum ake nufi ba. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, kuma macen da ta ɗaga murya don an kwana biyu ba cefane haƙƙinta take nema. Ana maganar abin da ya zama ɗabi'a ne, wanda ke sa magidanci fargabar komawa gidansa.

Ga misalin da duk wanda ya zauna gidan haya a Fagge ko Sabon Gari zai gane. Da safe mutum ya shirya zai fita kasuwa, sai ta ci kwalarsa, ta murɗe wuyan rigar har numfashi ya fara yi masa wuya, ta datse ƙofa ta ɓoye mukulli, ta ce yau babu inda za shi. Yara na tsaye da jakunkunan makaranta suna kallo. Ɗakunan gidan suna fuskantar juna, famfo ɗaya, banɗaki ɗaya, saboda haka duk wanda ke tsakar gida ya ji. Abu biyu ke gabansa. Ko ya fizge da ƙarfi ta faɗi, a wayi gari shi ne mai dukan mace, ko ya tsaya ta gaji ta sake shi. Sai ya tsaya. Ya canja riga, ya fita yana gaisawa da maƙwabta kamar ba a yi komai ba.

Daga nan akan hau zuwa mari, cizo, yakushi, jifa da abin da hannu ya kai gare shi. Da yake ƙarfi ba ɗaya ba ne, makami ne ke cike gurbin: taɓarya, wuƙar kicin, tafasasshen ruwa ko man suya, wani lokaci ma yana barci. Washegari ya je kemis ya nuna ƙuna a ƙafa ya ce salansar babur ce. Idan a baya ne ko a ƙirji, inda ƙaryar salansa ba za ta shiga ba, sai ya sayi maganin shafawa ya ce na yaro ne.

Wanda ya fi yawa kuma ba ya barin tabo. Gorin talauci a gaban 'ya'ya. Gorin rashin haihuwa, ko na rashin kuzarin shimfiɗa, da murya mai ƙarfi don maƙwabta su ji. Hana shi zuwa gaida mahaifiyarsa, ƙwace masa waya da katin banki, barazanar za ta tafi da yara ba zai ƙara ganinsu ba, ko za ta sha fiya-fiya a ce shi ya kashe ta, ko za ta yaga rigarta ta fita tana ihu. A Ingila, tun 2015 irin wannan mallaka da takurawa laifi ne mai zaman kansa ko da ba a taɓa jikin mutum ba, kuma a 2018 aka fara ɗaure wata mace a kansa saboda abin da ta yi wa uban 'ya'yanta.

Kuma ba mata kaɗai ke yi ba. Akwai dattijon da ɗansa mai shaye-shaye ke shaƙewa don ya ba shi kuɗi. Akwai wanda ɓarin jikinsa ya shanye, mai jinyarsa na hantararsa da hana shi abinci. Akwai yaron gida ko almajirin da ke wanke-wanke yana shan bulala. Duk maza ne, duk a cikin gida ne.

"Ya sake ta mana"

Wannan ita ce maganar da ke rufe zancen a Kano. Igiyar aure a hannunsa take, in ji mutane, kalma ɗaya zai furta ya huta. Wanda bai furta ba ai yana jin daɗin abin ne, ko kuma lusari ne, mijin-ta-ce.

Gaskiya ne namiji Musulmi yana da ƙofar fita da mace ba ta da irinta, kuma bai kamata a raina wannan bambanci ba. Amma furta kalmar ba shi ne ƙarshen lissafi ba. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, renon yara bayan rabuwa na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Uban da ya ga yadda take jibgar yaran idan ranta ya ɓaci zai tambayi kansa, in na tafi wa zai shiga tsakani? Zai iya neman kotu ta karɓe renon idan ya kawo hujjar cutarwa, amma hujjar tana nufin ya tsaya gaban alƙali da 'yan kallo ya faɗi abin da ya shekara biyar yana ɓoyewa.

Sai auren zumunci. Idan matar 'yar kawu ce ko 'yar gwaggo, saki ba ya tsayawa tsakanin mutum biyu, gida guda ne zai dare. Mahaifiya ta ce, "In ka saki 'yar ɗan'uwana ban yafe ba." Shi ke nan, an ɗaure shi.

Sai kuɗi, wanda a Fagge, unguwar fatauci tun zamanin ayarin raƙuma, shi ne ma'aunin namiji. Ɗan kasuwar da jarinsa ya ƙone a gobarar kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016, wadda ta cinye dubban shaguna, ko wanda tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 ta durƙusar, yakan wayi gari a gidan da matar ce ke biyan haya, ko da jarin da surukinsa ya ba shi. Mata da yawa sun rufa wa mazajensu asiri a irin wannan hali, ba wanda ya ji, kuma su ne mafi rinjaye. Amma inda aka samu mai mugun hali, karayar arziki kan zama sanda a hannunta. In ya sake ta, shi zai tattara kayansa. Ina za shi? Ɗakin samari na gidansu, yana da shekara hamsin?

Akwai kuma dalilin da maza ba sa son faɗa: yana sonta. Bayan kowace rigima akwai kuka, da rantsuwar ba za a sake ba, da mako biyu na zaman lafiya da girki mai daɗi. Matan da ake duka sun san wannan zagaye sarai. Shi ne dai yake riƙe namiji.

'Yan'uwa kuma suna da fassararsu a shirye: an shanye shi, ta mallake shi, aikin boka ne. Sai a bazama neman rubutu da ruƙiyya. Addu'a ba ta taɓa zama laifi ba. Amma a ganina wannan fassara tana yi wa kowa daɗi ne don tana ɗauke nauyi. Ba sai an zaunar da matar an yi mata magana ba, ba sai an tunkari iyayenta ba, ba sai an tambayi mutumin abin da yake so ba, tunda an riga an yanke cewa ba ya cikin hayyacinsa.

Tsallaken titi

Sabon Gari yana cikin ƙaramar hukumar Fagge, amma tun da Turawa suka keɓe shi a wajajen 1913 don ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu, tsarin aure a can ya sha bamban. Mai sayar da kayan gyaran mota ko magunguna da ya yi auren coci da rajista ba shi da kalmar da zai furta. Dokar rabuwar aure ta 1970 ta ce Babbar Kotu kaɗai ke raba irin wannan aure, sai an gamsar da ita cewa auren ya lalace ba gyara, kuma ba a shigar da ƙara kafin aure ya cika shekara biyu sai da izini na musamman, in ban da wasu 'yan dalilai. Ga kuɗin lauya, ga ɗage zama. Idan ɗan Katolika ne, cocinsa ba ta amince da saki ba sam, ko da yake tana yarda ma'aurata su zauna a rabe idan akwai haɗari. Mutane da yawa ba su san wannan ba.

Shi kuma baƙo ne, ko da a titin Faransa aka haife shi. Dattawan da za su tsawatar suna Anambra ko Imo ko Ogbomosho. Abin da yake da shi a nan shi ne fasto, da taron ƙungiyar 'yan garinsu na ranar Lahadi, inda ake auna mutum da gudummawar da ya bayar da yawan yaran da ya yaye a shago. Oga mai yara shida a ƙarƙashinsa zai miƙe a wannan taro ya ce madam na marinsa? Dokoki biyu ne, addinai biyu, amma shirun iri ɗaya ne da na maƙwabcinsa na Fagge.

Ƙofofin da ke akwai, da abin da doka ta ce

Yawancin wuraren da aka buɗe don wannan matsala, sunayensu ma sun nuna wa aka buɗe wa: ma'aikatar harkokin mata, ƙungiyar lauyoyi mata, ƙungiyoyin kare mata da yara. An yi haka ne da dalili mai kyau, amma namiji na ganin allon sai ya wuce. A ofishin 'yan sanda kuma tsoronsa biyu ne. Na farko a yi masa dariya a kan kanta. Na biyu a kira matar ta zo tana kuka, zance ya juye, ya kwana a sel.

Tsohuwar doka ma ba ta hango shi ba. Kundin Penal Code na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, a sashe na 55 ya yi maganar miji ya ladabtar da matarsa, kuma a sashe na 282 ya ɗauki fyaɗe a matsayin abin da ake yi wa mace kaɗai. Dokar hana cin zarafin mutane ta tarayya, wadda aka fi sani da VAPP, da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Mayun 2015, ita ce ta gyara wannan. Ta ce duk wanda ya doki abokin aurensa, miji ne ko mata, zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara uku ko tarar da ta kai naira 200,000 ko duka biyun. Ta hukunta cin zarafi da baki da korar abokin aure daga gida, ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai watsa wa wani abu mai ƙuna irin asid, ta kuma yarda cewa ana yi wa namiji fyaɗe. Sai dai a Abuja take aiki kai tsaye, kowace jiha sai ta mayar da ita tata. Kaduna da Bauchi da Jigawa sun yi, Kano kuwa har aka shiga 2024 ba ta yi ba.

Wannan ba ya nufin namiji a Kano ba shi da kariya. Ji wa mutum rauni laifi ne a Penal Code ko wane ne ya yi. Haka yake a dokar laifuka ta Shari'ar Musulunci ta jihar ta shekarar 2000, inda rauni ke jawo ƙisasi ko diyya ko horon alƙali. Aure ba ya halatta jinin kowa. Kotunan majistare na Nomansland da kotunan Shari'a na yankin duk suna da hurumin sauraron irin wannan ƙara, gwargwadon wanda ya kawo ta. Hukumar Hisba, wadda aka kafa da doka a 2003, mai hedikwata a Sharaɗa da ofisoshi a ƙananan hukumomi, tana sasanta ma'aurata Musulmi kullum, kuma maza ma na kai ƙorafi. Amma ita ba kotu ba ce, sulhu take yi. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa tana da ofis a Kano kuma ba ta tambayar addini ko jinsi, haka ma hukumar ba da lauya kyauta ga marasa hali. Cibiyar Waraka da ke asibitin Murtala tana karɓar waɗanda aka yi wa fyaɗe, har da yara maza.

Inda shiru ke kaiwa

Mutumin da ke cikin wannan hali yakan fara da daɗewa a shago bayan kowa ya rufe. Sai rashin barci, sai hawan jini, wani ya faɗa shan ƙwaya. Wani ya ƙara aure don ya samu mafaka, wuta ta ƙara ruruwa. Wani kuma ya haɗiye na shekara goma, rana ɗaya ya rama da hannun da bai san nauyinsa ba, ya ƙare a kurkuku, yara su rasa uwa da uba.

Wani lokacin kuma shi ake ɗauka a makara. Shari'ar da ta fi girgiza Arewa ita ce ta Maryam Sanda, wadda Babbar Kotun Abuja ƙarƙashin Mai Shari'a Yusuf Halilu ta samu da laifin kashe mijinta Bilyaminu Bello a Nuwambar 2017, ta yanke mata hukuncin kisa ranar 27 ga Janairu, 2020. Abin da ya kamata a riƙe daga shari'ar shi ne shaidar abokin marigayin, wanda ya gaya wa kotu cewa yana gidan a daren, ya shiga tsakaninsu fiye da sau ɗaya kafin ya tafi. Wato an ga alama. Da mace ce aka ga ana bi da makami, da wuya a bar ta ta kwana a gidan.

Amma kada a zuba komai a kwando ɗaya. A 2014, an gurfanar da wata yarinya 'yar shekara 14 daga ƙaramar hukumar Gaya bisa zargin sa wa mijinta shinkafar ɓera a abinci, shi da wasu mutum uku suka mutu. Daga baya gwamnatin Kano ta janye ƙarar a 2015. Rayukan da aka rasa rayuka ne, amma tushen wannan labari auren da yarinya ba ta so ne, kuma maganinsa daban.

Idan kai ne

Kada ka rama. Wannan ba maganar ragwanci ba ce, maganar tsira ce: duka ɗaya daga hannunka zai shafe duk abin da aka yi maka a idon hukuma da na jama'a. Idan ka ga an ɗauki makami ko an ɗora ruwa a wuta ana huci, fita, ka kwana a wani wuri. A halin gaggawa akwai lambar 112.

Idan an ji maka rauni, wuce kemis ka je asibiti, ka gaya wa likita gaskiyar abin da ya faru don ya rubuta a kati. Ƙuna mai faɗi ko mai zurfi ba ta maganin shafawa ba ce. Asibitin Murtala da na ƙashi na Dala da na Malam Aminu Kano duk suna duba ta. Ka ɗauki hoton raunin, ka adana saƙonnin barazana a inda ba za a goge ba, ka ajiye takardun shago da na gida da na makarantar yara a hannun wanda ka amince da shi. Ranar da za a zauna, a gaban mai unguwa ne ko alƙali, wanda ya zo da takarda ba a yi masa dariya.

Sannan ka faɗa wa mutum ɗaya. Ba majalisa ba, mutum ɗaya mai riƙon sirri: yayanka, limamin unguwa, fastonka, ko waliyyinta in mai adalci ne. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, gaskiya ne, amma ba a yi shi don ajiye abin da zai kashe mai shi ba. Idan fushin nata ya fara ne bayan haihuwa, ko yana zuwa da rashin barci da surutai da zargi marar tushe, a kai ta ga likitan ƙwaƙwalwa, a Dawanau ko a asibitin Malam Aminu Kano. Wani abin ciwo ne kuma yana jin magani. Idan kuwa an yi sulhu sau biyu, sau uku, abin na ƙara tsanani, rabuwa cikin mutunci halal ce, kuma ta fi zaman da ake kwana da ido ɗaya.

Sauran aikin na hukuma ne, kuma ba mai tsada ba ne. Ofisoshin 'yan sanda na Fagge da Sabon Gari da ofishin Hisba na yankin su ware ɗaki da za a saurari mai ƙorafin cikin gida, mace ko namiji, ba a kan kanta a gaban jama'a ba. Su riƙa rubuta jinsin duk wanda ya kawo ƙara, su fitar da adadin a ƙarshen kowace shekara kamar yadda Legas ke yi.